Motsa Jiki da Cutar Endometiriyosis: Nazarin Lamarin Wata Malamar Firamare

Wannan bayani ne a kan wata mata da likitan mata ya turo sashen gashi da motsa jiki (fisiyo) na asibitin da nake aiki a Kano, a watan Janairun 2023. Malamar firamare ce, shekarunta 30 a lokacin, tana da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba tukuna. Ta amince a rubuta lamarinta bisa sharaɗin a sakaya sunanta da unguwarsu, don haka zan kira ta Malama, yadda muke kiranta a sashen. Duk inda na ambaci makin ciwo, ma'aunin da muke amfani da shi a asibiti nake nufi: majinyaci ne ke zaɓar lamba daga 0, wato babu ciwo, zuwa 10, wato ciwon da ba ya tunanin akwai wanda ya fi shi.

## 2006 zuwa 2016: Daga fara al'ada zuwa aure

Ta fara al'ada tana shekara 13. Da farko ciwon mara ne irin wanda 'yan mata da yawa suka sani, ya zo ranar farko ya wuce. A makarantar kwana take, kuma tana cikin 'yan ƙwallon hannu na makarantar. Daga 2008 abin ya canza kama. Ciwon kan fara kwana biyu kafin jini ya zo, ya riƙe mara da ƙugu har ya sauka cinya, wani lokaci ya haɗa da amai da gudawa. Matiron kan ba ta farasitamol ta ce ta je ta kwanta. A gida kuwa Hajiyarsu kan jiƙa mata jar kanwa, ta dafa citta da kanumfari, ta ce mata: "Ki yi haƙuri, kowace mace da haka ta girma. Kina yin aure zai tafi."

Ƙwallo ce farkon abin da ciwon ya raba ta da shi. Gasa ta faɗo a kan kwanakinta har sau biyu, aka sa wata a gurbinta, ba ta sake komawa fili ba. A kwalejin ilimi ta saba da kemis: ibuprofen, diclofenac, wani lokaci duka biyun a haɗe, kuma sau da yawa ciki babu abinci. Tana shekara 21 aka ce mata ta kamu da olsa. An yi mata aure a 2016.

## 2016 zuwa 2021: Neman sunan ciwon

Aure bai kore shi ba, sai ma ya fito da wani ɓangarensa da ba ta sani ba: zafi mai zurfi yayin kwanciyar aure, wanda kan bar mata ciwon mara har washegari. Bayan gida a kwanakin al'ada ya zama abin tsoro. Kwanakin ciwo suka ƙaru daga huɗu a wata zuwa goma, har sha biyu.

Duk inda ta je sai a ce sanyi ne. Ta sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta zubi-zubi, an yi mata maganin taifot, an yi ruƙiyya saboda wasu 'yan uwa sun ce namijin dare ne ke hana ta haihuwa. Wata mai kayan mata ta sayar mata da haɗin matsi, zafin kwanciya ya ƙaru. An yi mata hoton ciki sau biyu ta saman mara, aka ce komai lafiya. Wannan ba abin mamaki ba ne: hoton da ya fito lafiya ba ya kore cutar, domin ƙananan ɗigogginta da ke kwance a jikin bangon ciki yawanci ba sa fitowa a sikanin.

A Oktoban 2021 wani likitan mata ya zauna ya saurari tarihin tun daga makaranta, ya sa aka yi hoton da ake saka na'ura ta gaba. Aka ga ƙullutu mai faɗin santimita 5 a ma'ajiyar ƙwai ta hagu. A Nuwamba aka yi mata lafaroskofi, wato tiyatar da ake huda ƙananan ƙofofi a ciki a shigar da kyamara da kayan aiki. An cire ƙullutun, an raba inda hanji ya manne da bayan mahaifa, gwajin naman kuma ya tabbatar da endometiriyosis. Shekara 13 ke nan da ciwon ya tsananta. Ko a Birtaniya, matsakaicin jiran da mata ke yi kafin a gano musu cutar ya haura shekara takwas.

Cutar ita ce wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajen mahaifa: a ma'ajiyar ƙwai, a bututun ƙwai, a bangon ciki, wani lokaci a hanji ko mafitsara. Sinadarin istirojin da jikin mace ke samarwa ne ke ciyar da shi, shi ya sa yake kumbura ya yi jini tare da zagayowar wata, jinin kuma ba shi da hanyar fita. Daga nan kumburi, sai tabo, sai mannewar kayan ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190, suna ɗauke da ita. Har yau ba a samo maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya ba. Ana dai rage ciwon da magani ko tiyata.

Da yake haihuwa take nema, ba a ɗora ta a kan maganin tsayar da al'ada ba. An ce su gwada shekara guda su gani.

## Ƙarshen 2021 zuwa Satumban 2022: Yunƙuri na farko, hutu

Da za a sallame ta an ce kada ta ɗaga abu mai nauyi na mako shida. Mako shida suka zama wata goma. Hajiyarta da uwar mijinta, cikin ƙauna da fatan ganin jika, suka haɗa baki: ba shara, ba wanki, ba tafiya mai nisa, kada ciki ya shiga ya zube ba a sani ba. Aka samo yarinya mai aiki. Makarantar da take koyarwa tafiyar minti goma sha biyar ce daga gida, amma adaidaita sahu take hawa zuwa da dawowa. A aji tana zaune take koyarwa. Daga baya har salla ta koma yi a zaune, saboda ta lura ruku'u na jan mara.

Ciwon ya yi sauƙi sosai na kusan wata bakwai bayan tiyata, duk gidan kuma suka ɗauka hutun ne ya yi aiki. Da damina ta kankama sai ya fara dawowa, ya kuma zo da baƙi: ciwon baya, taurin bayan gida, rashin barci, haki idan ta hau bene. Nauyinta ya tashi daga kilo 63 zuwa 74. Ciki bai shiga ba.

## Oktoba zuwa Disamban 2022: Yunƙuri na biyu, atisaye mai zafi

Masu wannan cuta da yawa kan yi fama da kumburin ciki, ciki ya tasa da yamma kamar na mai juna biyu. A wani biki wata mata ta dafa cikin Malama ta yi mata barka. Ta ce a daren ta yanke shawarar sai ta ga bayan tumbin nan.

Ta ɗauko bidiyoyin rage tumbi cikin kwana 30 a waya. Tsallen igiya ɗari biyu, kwanciya a tashi don matse ciki, dogara jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, sannan ɗamarar matse ƙugu da take kwana da ita. Ta kuma ji ana cewa mace ta riƙa matse gabanta tana saki don ƙarfafa mara, sai ta riƙa yi sau ɗari a rana. Ta biya kuɗin wata guda a wani wurin motsa jiki na mata, inda mai horarwa ta ce mata ciwo alama ce ta kitse na narkewa.

Tsarin da ya biyo baya iri ɗaya ne kowane mako: kwana uku ko huɗu tana atisaye, sai ciwo ya tashi ya kwantar da ita kwana biyu ko uku, da ta ji dama-dama sai ta koma da ƙarfi don ta rama kwanakin da ta rasa. A tsakiyar Disamba, ba a lokacin al'ada ba, ciwon ya kai ta sashen gaggawa cikin dare aka yi mata allura. Hoto bai nuna sabon ƙullutu ba. Kilo ɗaya ta rage a wata uku, kumburin kuma yana nan, domin ba kitse ba ne tun asali. Ta bar komai, da yaƙinin cewa jikinta ba ya son motsi.

## Janairun 2023: Abin da muka tarar

Maganarta ta farko da ta zauna ita ce: "Anti, in dai tsalle-tsalle za ki sa ni, gara na koma gida." Na ce mata yau awo kawai za mu yi.

Ciwon al'ada maki 8 ne, na sauran kwanaki 4 zuwa 5. Takan rasa zuwa makaranta kwana huɗu a wata. Tafiyar minti 7 ke tayar da ciwon mara. A daƙiƙa 30 sau 9 ta iya tashi daga kujera ta zauna ba tare da dafa hannu ba, abin da ya yi ƙasa ga mace mai shekarunta. Awon jini ya nuna PCV, wato ma'aunin yawan jini a jiki, 29, alamar ƙarancin jini, domin jinin al'adarta na da yawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum haki da kasala. Numfashinta a ƙirji yake tsayawa, cikinta kullum a ɗame kamar mai jiran duka.

Da izininta na duba tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. A ɗaure suke tamau. Taɓa su kaɗan ya fito da ainihin zafin da take ji yayin kwanciya, kuma da na ce ta matse ta saki, matsewar ta zo, sakin bai zo ba. Jikin da ya shekara goma sha yana jiran ciwo yakan koyi ƙanƙame wurin, har ƙanƙamewar ta zama ciwo mai zaman kanta. Na ce mata ta dunƙule hannunta da ƙarfi ta riƙe, kafin minti biyu ta ce ya fara zafi. Na ce to tsokokin nan sun yi shekaru a haka, ita kuma ta ƙara musu matsi ɗari a kullum. Akwai kuma wani abu da aka sani game da ciwo mai daɗewa: jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo kan zama masu saurin firgita, abin da bai kai ya yi zafi ba sai ya yi.

Na tambaye ta abin da take so ta iya yi. Ba ta ambaci tumbi ba. Ta ce tana so ta yi salla a tsaye, ta koyar da darasi guda a tsaye, ta je makaranta da ƙafa, kuma ta daina tsoron dare.

## Janairu zuwa tsakiyar Maris: Mako goma na farko

Abin da aka fara yi shi ne cirewa. Ɗamara, tsallen igiya, matse ciki, matse gaba, haɗin matsi, duk aka ajiye su. Likita ya ba ta maganin ƙarin jini, ya kuma tsara mata yadda za ta sha maganin ciwo: iri ɗaya, bayan cin abinci, tare da maganin kare ciki, kuma tun ciwon na farawa ba sai ya kai ta ƙasa ba.

Mako biyu na farko numfashi ne da miƙa. Ta kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, hannu a kan cibiya, ta ja iska ta hanci har cikin ya taso, ta bar ƙasan mara ya saki, sannan ta fitar a hankali. Minti biyar safe da dare. Sai miƙa guda huɗu: jan gwiwoyi zuwa ƙirji, durƙusawa a zauna kan dugadugai a miƙa hannuwa gaba, goshi a ƙasa, tsayawa a kan gwiwa da tafin hannu ana ɗaga baya ana saukewa, da tsugunno tana riƙe da ƙafar gado. Ta ce wannan ai ba motsa jiki ba ne, kuma ta daɗe kafin ta yarda yana da amfani.

Tafiya ta fara da minti 5, ƙasa da inda ciwo ke tashi, sau biyu a rana. Wurin tafiyar ma sai da aka yi shawara. Layinsu ba kwalta, matasa na zama a bakin hanya, kuma ba ta son tambayar maƙwabta. Na roƙi maigidanta ya zo, muka zauna mu uku. Da ya ji cewa zafin da take ji da dare yana da dalili a tsoka, ba ƙi ba ne, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Likita, me zan yi?" Aka tsayar cewa za su riƙa fita tare bayan sallar asuba, ita da hijabinta da takalmi sau-ciki, da takunkumi saboda ƙurar hunturu. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin yi wa mahaifiyarsa bayani.

Ƙa'ida biyu muka kafa. Ta farko, saurin tafiya ya zama wanda za ta iya hira amma ba za ta iya rera waƙa ba. Ta biyu, idan ciwo ya ƙaru da fiye da maki 2 kuma bai sauka ba bayan awa 24, to an zarce, sai a koma adadin makon baya. Idan mako ya wuce lafiya a ƙara minti biyu, ko da tana jin za ta iya goma. Wannan ce ta fi ba ta wuya, domin ranar da ta tashi garau takan so ta yi duk abin da ta rasa.

Mun kuma raba kwanakinta uku, tana rubutawa a ƙaramin littafi. Ranar sauƙi, cikakken tsari. Ranar tsaka-tsaki, rabin tafiya da miƙa. Ranar tashin ciwo, numfashi, gashi da ruwan ɗumi a gora, da zagaya tsakar gida na minti biyu ko uku in ta iya. Babu ranar da aka rubuta mata "ba komai".

A mako na goma tana tafiyar minti 20 a jere, kwana biyar a mako. Ciwon sauran kwanaki ya sauka zuwa 3, bayan gida ya daidaita, barci ya gyaru, ta koma salla a tsaye. Ciwon al'ada kuwa yana nan a 8, sau ɗaya ya sauka 7.

## Azumin 2023: Koma-baya

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, cikin zafin bazara. Fitar asuba ta tsaya saboda barci bayan sahur. Tsayuwar girkin buɗa-baki ta kai awa uku a kullum, ga tarawihi da ta ƙudurta ba za ta rasa ba tunda ta samu ta miƙe. Ƙarancin ruwa ya dawo da taurin bayan gida. Da al'ada ta zo a tsakiyar watan, ciwon ya kai 9, ta kwana biyar a kwance, bayan ta tashi kuma tafiyar minti 10 ta gagare ta.

Ta zo bayan salla tana kuka, ta ce an koma gidan jiya. Littafinta ya nuna ba haka ba ne gaba ɗaya: cikin mako uku ta koma minti 20, abin da a baya ya ɗauke ta mako goma. Amma ya kuma nuna cewa kowane wata al'ada na rushe kusan rabin abin da aka gina. Na mayar da ita wurin likitan mata da wannan littafin.

Shawarar likita ita ce dienogest, miligiram 2 kullum, maganin da ke danne naman cutar amma kuma yakan hana fitar ƙwai. Ma'ana, a jingine neman haihuwa. Sun yi mako biyu suna shawara ita da maigida. Ta fara sha a watan Mayu, da niyyar wata tara.

## Mayun 2023 zuwa Janairun 2024: Magani da motsi tare

Wata biyu na farko ta yi fama da ɗigon jini ba bisa lokaci ba, wanda sananne ne da wannan magani. Ya dame ta ta fuskar ibada, sai da ta je wurin malamarsu ta Islamiyya aka yi mata bayanin hukuncin istihada hankalinta ya kwanta. Daga Agusta jinin ya ɗauke, ciwo ya tsaya tsakanin 2 da 3.

A nan ne aka sami sararin gina ƙarfi. Sau biyu a mako: tashi da zama daga kujera, ɗaga ƙugu daga kwance, hawa da sauka a matakala ɗaya, tura bango, ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, daga baya jarka mai lita biyar. Sharaɗin shi ne ta fitar da numfashi lokacin da take yunƙuri, kada ta riƙe shi ta danna mara. Akwai ƙarin dalili na wannan: magungunan da ke rage istirojin, irin wanda take sha, na iya taɓa ƙarfin ƙashi, motsin da ke ɗora wa ƙashi nauyi kuwa yana taimakonsa.

Da ruwan sama ya hana fitar asuba sai ta koma zagaya barandar makaranta bayan an tashi yara, malamai mata biyu suka bi ta. A Satumba ta fara zuwa aiki da ƙafa. A Oktoba ta kai minti 150 a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara a jagorarta ta 2020, tare da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. A Nuwamba ta gwada sassarfa, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, jikinta ya karɓa. Tsallen igiya kuwa da ta sake gwadawa ya tayar da ciwo na kwana biyu, aka bar shi.

Awon Janairun 2024: PCV 36, nauyi kilo 69, tashi daga kujera sau 16 a daƙiƙa 30, babu fashin makaranta saboda ciwo tun Agusta. Tsokokin ƙasan ƙugu suna saki idan an ce a saki. Zafin kwanciya ya ragu daga 7 zuwa 2 ko 3, bai tafi duka ba.

## Fabrairu zuwa Satumban 2024: Bayan ajiye magani

Ta daina dienogest a Fabrairu don komawa neman haihuwa. Azumin shekarar ya kama ranar 11 ga Maris, kuma wannan karon an shirya masa: tafiyar minti 15 bayan isha'i, girki a zaune a kan kujera tare da raba aikin, ruwa isasshe tsakanin buɗa-baki da sahur, tarawihi a zaune idan mara ta fara ja. Ya wuce ba tare da kwanciya ba.

Al'ada ta dawo, ciwonta ma ya dawo. Zuwa Yuni yana kai 6, wani watan 7. Bambancin shi ne yanzu kwana biyu yake yi da ƙarfi, fashin makaranta kwana ɗaya ne a wata ko babu, ciwon sauran kwanaki yana 2, kuma a rana ta uku takan koma tafiyarta. Har zuwa Satumba, lokacin da muka sallame ta daga sashen, ciki bai shiga ba, likita ya tura su asibitin masu neman haihuwa don tattauna dashen ƙwai.

## Abin da na fahimta daga lamarin

Da yake motsi da magani ba rana ɗaya aka fara su ba, kuma ba rana ɗaya aka bari ba, ana iya ganin aikin kowanne. Motsa jiki shi kaɗai bai taɓa ciwon al'adarta ba. Maganin ne ya sauke shi, da aka ajiye maganin kuma ya dawo. Duk mai sayar wa mata atisaye a matsayin maganin endometiriyosis yana cutar su, musamman idan hakan ya sa suka jinkirta ganin likita. Binciken da ake da shi ma bai kai a yi wannan iƙirari ba. Wani nazari da aka buga daga Birazil a 2017, a kan mata 40, ya ga sauƙin ciwo bayan mako takwas na miƙa da numfashi irin na yoga, amma mata 40 ba su da yawa. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2019 ta nuna motsa jiki na rage ciwon al'ada, sai dai a kan matan da ba a san su da wata cuta a mara ba.

Abin da motsi ya gyara shi ne duk abin da ya taru a kan cutar: tsokar da ta ɗaure, hanjin da ya yi nauyi, barci, ƙarfin ƙafa, da tsoron motsi. A lissafin kwanaki waɗannan su ne suka fi cin watanta, domin al'ada kwana biyar ce, sauran ashirin da biyar kuwa su ne ke riƙe da ita. Wannan riba ce ta tsaya bayan an daina magani.

Atisayen 2022 ya faɗi ne saboda ya ƙara matsi inda ake buƙatar saki, ya kuma fara daga inda jikin bai kai ba, ga ƙarancin jini da ba wanda ya auna. Ba na cewa gudu ko tsalle haramun ne ga mai wannan cuta; akwai masu yi lafiya lau, ita ma ta kai ga sassarfa. Tsarin da ya yi mata aiki nata ne, an gina shi a kan awon jikinta, kuma wata matar za ta iya buƙatar akasinsa. Ciwo sabo mai tsanani, zazzaɓi, jiri ko jini mai yawa kuwa ba na littafin tafiya ba ne, na likita ne a ranar.

A ganina hutun wata goman nan ya fi atisayen wata uku yi mata ɓarna, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa saboda masu ƙaunarta ne suka ɗora mata shi. Ba su yi don mugunta ba, abin da suka ji a bakin gadon asibiti suka riƙe. Ma'aikacin lafiyar da zai ce wa mace ta huta bayan tiyata ya faɗi ranar da hutun zai ƙare da abin da za ta fara yi bayansa, kuma ya faɗa a gaban mijinta da mahaifiyarta ko uwar mijinta, domin su ne za su yanke ko za ta fita ƙofar gida.